Sawun da ke Bayan Shingen Jiminu

Jiminu huɗu aka tarar a mace a gonar kiwon jimina da safiyar Talata, duk a shinge ɗaya. Mai gadi ne ya fara ganin su, sun shimfiɗa dogayen wuyoyinsu a ƙasa, idanu a buɗe, ƙudaje sun riga kowa zuwa gaisuwa. Kafin rana ta ɗaga labari ya gama unguwar da ke bayan gonar, kuma tun bai kai ƙarshen layi ba aka yanke hukunci: guba aka zuba musu, Barkono ne ya zuba.

Ba a rasa dalili ba. Barkono shi ne mai haɗa wa jiminun abinci, mutum mai zuciya a kusa, shi ya sa ma sunan ya bi shi. Wata uku da suka wuce wani namijin jimina ya shure shi ya karya masa haƙarƙari biyu, ana ɗauke da shi zuwa asibiti yana rantsuwa sai ya ga bayan tsuntsayen nan kaf. Mutum ashirin suka ji shi. To, baki shi ke yanka wuya. Ma'aikata suka tura shi ɗakin janareto suka sa kwaɗo, matarsa ta zo ta zauna a bakin ƙofar da goyo a bayanta.

Mai Gona tsohon ma'aikacin ofis ne, ya san idan 'yan sanda suka shigo sai sun kwashi kowa har da mai gadi da karensa. Ya ce a dakata zuwa azahar ɗin gobe. Sannan ya aika a kira masa Mai Sawu.

Shekara arba'in Mai Sawu ya yi yana bin shanun sata da awakin da suka ɓace da mutanen da suka bar gida ba sallama. Tafiyarsa kullum kai a sunkuye, har abokan wasansa ke cewa allurar da ya yar tun yana saurayi yake nema. Bai iya karanta takarda ba, amma ka taka ƙasa sau ɗaya a gabansa zai gaya maka ƙafar da ke maka ciwo, da ko sauri kake ko fargaba. Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa ɗora wa wani sawun da ba nasa ba, bai kuma taɓa ɓoye wanda ya gani ba.

Da ya iso ya ga yadda 'yan kallo suka tattake ƙofar shingen, sai da ya dafe kai. A tsakiyar shingen kuwa matar shi Mai Sawun ce durƙushe, ta ɗora kan ƙaramar cikin gawarwakin a cinyarta tana kore mata ƙuda. Ita ce mai renon 'ya'yan jimina a gonar, tun daga ranar da suka fasa ƙwai har su yi wata uku a mayar da su manyan shinge. Waɗannan ma a hannunta suka tashi. Uwar Biyu ake ce mata, ko da yake shekara talatin ke nan 'ya ɗaya gare ta a duniya. Mutane sun saba da sunan, ba wanda ke jin nauyinsa sai shi da ita.

Ta ɗago ido jawur ta dube shi.

"Malam, ka nemo mini wanda ya yi wannan."

"Zan nemo miki," ya ce.

Can a kusurwa mai nisa sauran shidan suna tsaye cirko-cirko, fukafukai a sake, ba mai ko kallon kwamin abinci.

* * *

Barkono bai musa rantsuwar ba. Ya ce ya yi ta, kuma da a ranar aka ba shi adda da ya cika ta. Amma tun da ya dawo daga asibiti bai ƙara sa ƙafa cikin shinge ba, ta tsakanin waya yake tura musu abinci da shebur mai dogon mariƙi.

"Baba, wallahi tsoronsu nake ji," ya ce ta tagar ɗakin. "Ko a mafarki na ga dogon wuya sai na farka."

Mai Sawu ya sa ya miƙo takalminsa ta tagar, ya juya shi ya duba gindinsa, ya mayar masa. Ya bi hanyar da ke tsakanin sito da shingen, ya tarar da maganar haka take: sawun Barkono kullum sai ya tsaya taku biyu kafin waya, nauyin jiki a kan ƙafar hagu, irin na wanda ke kare gefen da ya yi ciwo. Sai dai wannan bai wanke shi ba, mai haɗa abinci ai ba sai ya shiga shinge zai zuba guba ba. Don haka ya leƙa kwamin. A cikin ragowar abincin jiya sawun tattabaru ne birjik, sun ci sun ƙoshi har sun yi kashi a bakin kwamin. Ya ɗaga kai ya ga tattabarun a jere kan rufin sito suna gyaran gashi, babu ko ɗaya mai layi.

Ya wuce abinsa. Ya san mutanen da suka riga suka sami ɓarawonsu ba sa son a zo musu da zancen tattabara.

* * *

Da hantsi wani ma'aikaci ya zo da gudu, wai an ga kwalbar maganin ƙwari a gindin shinge, ta gefen da gonar ta yi iyaka da lambun maƙwabci. Nan take rabin jama'a suka sauya sheƙa. Aka tuna bara wata jimina ta ɓalle ta cinye wa Mai Lambu kabeji kunya huɗu, aka tuna har yau ba ya amsa gaisuwar Mai Gona sai da hanci.

Mai Lambu ya fito da fartanya a kafaɗa. Ya ce kwalbar tasa ce, ba ya musu, amma shi bai san yaushe ta je can ba, kuma duk wanda ya ce shi ya kashe ran da bai ci masa komai ba bana, Allah ya isa.

Mai Sawu ya tsuguna ya ɗaga kwalbar da yatsu biyu. Ciyawar da ke ƙarƙashinta ta yi fari fat don rashin rana, tururuwa sun yi gida a bakinta har da ƙwai. Ya ce kwalbar nan ta ga ruwan damina a inda take, a bar bawan Allah ya koma ban ruwansa. Jama'a suka watse ba da son ransu ba, suka koma wa Barkono.

* * *

Likitar dabbobin gonar yarinya ce daga jami'a, wata biyu ke nan tana wani bincike a gonar. Ɗakinta ƙarami ne a jikin sito, da firji ɗaya cike da ƙananan kwalaben jini, da sikeli, da wata na'ura a rufe da tawul saboda ƙura. Mai Sawu ya same ta ta cire safar hannu tana kallon bango. Ta ba shi kujera, ta yi masa bayani a hankali, don ta lura ba ya son a yi masa gudu da magana.

Ta ce jiminu talatin ta raba shinge uku, goma-goma. Akwai wani gari na ƙarin gina jiki da take gwadawa, ta buɗe gwangwani ta nuna masa, ja ne launin bulo. Shinge na biyu cokalin shayi ɗaya ake sa musu a buhun abinci guda, na uku cokali biyu. Na ɗaya ba a sa musu komai, don a sami abin da za a kwatanta sauran da shi. Duk mako tana ɗibar jininsu. Hanta, in ji ta, tana da wasu sinadarai da take riƙe da su a cikinta tana aiki da su. Idan tana lafiya kaɗan ne ke fita cikin jini, idan ta wahala sai su yi ta zuba. Su take aunawa ta gane ko garin yana taimakon hantar ko yana takura mata.

"Na biyu da na uku lafiya ƙalau," ta ce. "Na ɗaya, waɗanda ba na ba komai, su ne nasu ke hawa mako biyar a jere. Na ɗauka na'urata ce ta lalace, Baba. Na aika a duba ta ina jira, ga shi sun mutu ina jira."

Ta ce ta buɗe ɗaya da safen nan, hantar ta kumbura ta koɗe, tana taɓawa tana marmashewa. Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, wani abu ne suka daɗe suna ci kaɗan-kaɗan.

Ya tambaye ta me zai faru in an ba jimina jan garin nan da yawa. Ta ce daidai abin da ya gani zai faru, amma kada ya ɓata lokacinsa a nan: gwangwanin a kulle yake, kullum tana auna shi, ko ƙwaya bai ragu ba bisa ƙa'ida. Akwai buhun ajiya a ƙuryar sito, shi kuma ko ɗinkinsa ba a kwance ba.

Ya yi godiya ya fito.

* * *

Sai da la'asar ta yi sanyi ya koma shingen, lokacin da rana ke kwantawa gefe, kowane ɗan rami a ƙasa ya sami inuwarsa. An kwashe gawarwakin, 'yan kallo sun gaji sun tafi. Ya bar sawun mutane, tunda an riga an ɓata shi, ya koma wa na jiminun.

Jimina yatsu biyu gare ta, babba da ƙarami, kuma babban yana nuna inda ta nufa. Ya zagaya shingen sau biyu yana kallo. Daga wajen ruwa, daga wajen kwami, daga ƙarƙashin rumfa, manyan yatsun nan duk wuri ɗaya suke nunawa: kusurwar can mai nisa, inda babu abinci, babu ruwa, babu inuwa. Takun da faɗi, na gudu. Kuma ba gudun tsoro ba ne, wanda ake watsewa kowa ya kama gabansa. Wannan tare ake yin sa, ana rige-rige. A kusurwar ƙasa ta daddale, ta cika da ramukan baki inda aka yi ta tsattsaga. Ya kankare da farce ya ga ja-ja launin bulo a cikin turɓayar. Ya ɗiba ya ƙulle a hankicinsa.

Jimina ba ta rugawa wurin baƙo. Wanda suke zuwa tarba a nan sun san shi tun suna ƙanana.

Ya fita ya zagaya ta bayan tankin ruwa, inda ba hanyar kowa ba ce. Akwai 'yar siririyar hanya a cikin ciyawa, ta mutum ɗaya. A ƙarshenta, daf da waya, ƙafa biyu ne a jere, sun nutse sosai, tsayuwar wanda ya daɗe a wurin ba ya sauri. Silifas ne na mace, dunduniyar dama ta cinye ta waje. A tsakiyar tafin hagu akwai 'yar alama, layi biyu sun gitta juna.

Shi ya yi alamar nan. Watan jiya igiyar silifas ɗin ta tsinke, ya huda ya ɗaure ta da guntuwar waya a ƙofar ɗakinsu, matarsa tana tsaye a kansa tana cewa ya cika son gyaran abin da ya mutu. Ko babu wayar ma zai gane. Shekara talatin da biyar yana tafiya a bayan ƙafar nan.

Ya daɗe a tsugune har gwiwoyinsa suka yi tsami. Da ya miƙe, ya waiga dama da hagu, ya sa gefen takalminsa ya share sawun. Bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya yi mamakin yadda abin ba shi da wuya.

* * *

A bakin ƙofar ɗakinsu akwai sawun ƙafar yaro a jikin siminti, ɗan ƙarami, yatsu biyar cif. Ranar da aka zuba simintin ƙaramar cikin tagwayensu ta kufce ta taka shi tun bai bushe ba, aka yi ta dariya aka bar shi. Wata huɗu bayan nan zazzaɓi ya shigo unguwar ya kwantar da yara gida-gida, su ma ya kama su rana ɗaya. Ya je asibiti ya tarar magani ya ƙare, kwalba ɗaya ta rage, ta yaro ɗaya. Ya dawo da ita, ya zauna tsakanin tabarmi biyu, ya ba babbar. Babbar tana can gidan mijinta yau da 'ya'ya huɗu. Ƙaramar kwana uku ta ƙara.

Uwar Biyu ba ta taɓa ce masa don me ba, ko sau ɗaya. Amma tun daga lokacin ba ta iya ganin rabon da bai zo daidai ba. In ta ba karen maƙwabta ƙashi sai ta nemi na kyanwa. In baƙi uku suka zo kofi biyu ne a wanke, gara kowa ya jira. Mutane suna yi mata dariya suna cewa alƙalanci ya dace da ita. Shi bai taɓa yin dariyar ba.

Ya tsallake sawun kamar kullum ya zauna. Ta ɓare lemu ta ƙirga ɓarin, sha ɗaya ne, ta ba shi biyar ta ɗauki biyar, ta sa wuƙa ta raba na ƙarshen biyu. Da ta miƙo masa ya ga layukan tafin hannunta sun yi ja, jan da sabulu bai fitar ba.

Ita ta kawo zancen da kanta. Ta ce yarinyar nan likita tana da ladabi, amma karatu ya cire mata tausayi. Ta yaya za a jera 'ya'ya uwa ɗaya, a ba waɗannan abin ƙarin lafiya, waɗancan suna leƙe ta waya a hana su? Ga shi nan, waɗanda aka hana su ne maƙiyi ya samu da sauƙi, don jikinsu ba ƙarfi.

A nan ya gane abin da ya fi sawun muni. Ba ɓoyewa take ba. Ba ta sani ba.

"Ka samu wani abu?" ta tambaya.

"Ƙasa ba ta gama magana ba," ya ce.

Ya ajiye ragowar lemun. Ya yi niyyar faɗa mata kafin magariba, ya yi niyya bayan magariba, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Yana tuna Barkono a ɗakin janareto da matarsa a bakin ƙofa, yana kuma kallon tasa matar tana wanke wuƙa.

* * *

Da gari ya waye ta biyar ta mutu. Mai Gona ya ce haƙurinsa ya ƙare, a tara kowa a rumfar gaban sito da ƙarfe goma, in azahar ta yi ba a sami wani ba, Barkono zai tafi hannun 'yan sanda.

Aka fito da Barkono idanu a kumbure. Mai Lambu ya zo ya tsaya nesa. Likita ta zauna da takardunta a cinya, mai gadi da sauran ma'aikata suka jeru a kan buhuna. Uwar Biyu ta zo a ƙarshe ta raɓe jikin ginshiƙi, hannunta ɗaya a kan ƙullin bakin zanenta. Mai Sawu ya ga ƙullin, ya san abin da ke ciki, ya san kuma inda za ta kai shi da azahar.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya miƙe ya fara da tattabaru, ya ce da guba a kwami take da su za a fara tsinta, don haka hannun Barkono babu komai. Ya maimaita zancen kwalba ya sallami Mai Lambu. Ya ce wanda ya yi abin nan ba dare ya bi ba, ba kuma ƙiyayya ta kawo shi ba. Mutum ne da jiminun ke rugawa su tarba kullum a kusurwar bayan tanki. Sannan ya kwance hankicinsa a gaban Likita.

Ta taɓa turɓayar ta shinshina, fuskarta ta sauya. Ta tashi da sauri ta shiga sito ta jawo buhun ajiya ta kifa shi. Bakinsa a ɗinke yake yadda ya zo daga kamfani, amma a gindinsa an farke kusurwa an mayar da zare da allura, ɗinki mai kyau. Buhun ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

"To wane ne?" in ji Mai Gona. "Sawun wa ka gani?"

Mai Sawu ya buɗe baki. Kafin ya ce komai murya ta fito daga jikin ginshiƙi.

"In jan garin nan kuke tambaya, ni ce."

Ta matso tsakiya ta kwance ƙullin zanenta ta nuna musu, ba tsoro ba kunya, har da 'yar fushi. Ta ce in sata ce a ɗiba daga buhun gida a ba 'ya'yan gida, to ta yi sata, a hukunta ta. Ita ta rene su, ba za ta iya kallon ana ba 'yan'uwansu ana hana su ba. Kullum da azahar in kowa ya tafi hutu take kai musu. Amma a bar wannan zancen a nemo mai gubar, don ba don ita ba da tuni goman sun ƙare.

Likita ta tambaye ta nawa take ba su, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tafi ɗaya. Da na ga sun fara rashin lafiya na mayar da shi biyu."

Rumfar ta yi tsit. Likita ta dubi tafin tsohuwar, ta mayar da ido kan takardunta. Mai Gona ya kawar da kai. Uwar Biyu ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda zai gaya mata abin da ya sa aka yi shiru, har ta zo kan mijinta.

"Kin ce in nemo miki," ya ce. "Uwar Biyu, babu mai guba. Cokali ɗaya ake sa wa buhu guda. Abin da kike ba su a yini, na wata da watanni ne. Shi ya cinye musu hanta."

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi garin da ke bakin zanenta, ta saki zanen, garin ya zube a kan ƙafafunta.

Mai Sawu ya juya wajen Barkono ya ce tun jiya da la'asar ya ga sawun ya share shi, kwanan da Barkono ya yi a kulle alhakinsa a wuyan shi Mai Sawu yake, yana roƙon ya yafe masa. Kowa ya zuba ido yana jiran wuta. Barkono ya dubi tsohuwar. Ya je ya karɓi goyon daga bayan matarsa suka fita.

Mai Gona ya ce ba za a kira 'yan sanda ba, amma daga yau mabuɗin sito a aljihunsa zai kwana. Likita ta ce bincikenta na wata biyu ya tashi a banza, sai dai laifin har da nata, da ba ta taɓa zaunar da ma'aikata ta gaya musu abin da ya sa ake hana shinge ɗaya ba. Biyar ɗin da suka rage, in ji ta, suna iya tashi, in dai ba a ƙara ba su komai ba sai ruwa da abinci zalla.

* * *

Da azahar kowa ya tafi hutu. Mai Sawu ya neme ta a ɗakin reno bai same ta ba. Bai tambayi kowa ba, sawu ja-ja ne ya fita daga rumfa ya bi ta bayan tanki.

Tana tsaye a inda ta saba. Jiminun biyar sun taso daga ƙarƙashin rumfa, ba gudu yau, suna jan ƙafa, amma sun zo. Suka zuro kawunansu ta tsakanin waya suna tsattsagar tafinta, suna ɗagowa suna kallon fuskarta da manyan idanun nan, suna komawa tafin. Babu komai a ciki.

Ya tsaya a gefenta.

"Ran nan," ta ce, ba ta dube shi ba, "da ka raba kwalbar nan biyu fa?"

"Na tambayi malamin asibiti. Ya ce rabi ba zai tsayar da ko ɗaya ba, biyu za mu binne."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba. Ni kuma ban ga bakin faɗa ba."

Wata jimina ta ja bakin mayafinta ta saki.

"Lokacin da kake ba babbar, ƙaramar tana kallon ka?"

"Tana kallo."

Uwar Biyu ta janye hannuwanta daga waya a hankali ta mayar da su bayanta ta haɗa. Jiminun suka ƙara miƙo wuya, suna ɗan kuka ƙasa-ƙasa irin wanda suke mata tun suna ɗakin reno.

"Haka ake ji, Malam?"

"Haka," ya ce. "Kullum."

Ba ta tafi ba, shi ma bai tafi ba. Suka tsaya a rana, hannuwanta a baya, har jiminun suka gaji da jira suka juya ɗaya bayan ɗaya suka nufi wajen ruwa.